Mashayar Wule

"Kar ka sake kawo mini sunan ubanka cikin zancen ga," in ji Kawu Idris. "Da kai nike magana."

"Kawu, tun ba a aza bulo ko ɗaya a nan ba take shan ruwan tafkin ga."

"To an aza. Ka ga bulon ko ba ka gani ba?"

Jibo ya dubi ƙasa. A bayan gida, gindin dogonyaro, Wule tana tuƙa abinta. Ja ce mai farin goshi, 'yar saniyar da aka ba shi ranar suna.

"Zogalen matar Akanta, ta cinye. Hanyar Islamiyya, kashinta. Jiya shugaban unguwa ya tare ni a ƙofar masallaci, gaban mutane. Ni da furfurata." Kawu ya tada Vespa, ta mutu, ya sake takawa. "Nan unguwar masu iyali ce, Jibo. Ko kasuwa, ko ruga. Kar Juma'a ta iske ta a nan."

Da can rugar Manu, mahaifin Jibo, a wannan wuri take. Sai aka yi sabuwar jiha, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata suka taso daga Sakkwato da katifu da 'ya'ya, gidajen cikin gari suka kasa. Aka yanka filaye a bakin tafki. Manu ya kora shanunsa ya koma gaba da Furfuri. Ya bar Jibo wajen ƙanin uwarsa don ya gama sakandare, ya bar Wule don a lokacin tana ɗingishi. Ƙafa ta warke. Sakandare ta ƙare bara, sakamako ya fito, bai kai Jibo ko'ina ba.

Bakin Tafki wuri ne mai daɗi, kowa haka yake faɗa. Babu hayaniyar tasha, babu 'yan iska. An zagaye ruwan da waya don kada yaro ya faɗa. An yi bencina na siminti, an rataya tayar mota a reshe ta zama lilo. Da la'asar maza su fito da rediyo suna zancen ƙarin girma da canjin wurin aiki, mata su zauna gefe suna tsifar kan 'ya'yansu. Duk wanda ka gani yana riƙe da hannun wani.

Sa'o'in Jibo babu su. Wanda ya tasa sai ya hau kabu-kabu ya shige Gusau. Manya suna ce masa ɗan wajen Malam Idris, yara suna ce masa mai saniya. Ba wanda ya taɓa yi masa rashin mutunci. Ba kuma wanda ya taɓa matsa masa a benci.

Tun da waya ta toshe mashaya, da bokiti yake ɗebo wa Wule ruwa ta 'yar ƙofar da aka bari. Tana sha, yana cire mata kaska, yana yi mata Fulatanci. A duk unguwar ita kaɗai yake yi wa. Ko Kawu ya daina, ya ce harshensa ya yi nauyi.

Ranar Laraba bayan sallar asuba ya ja ta suka kama hanya.

Karnukan ruga suka yi masa haushi. Inna ta fito da sabuwar tabarma, wadda ake ajiye wa baƙi, ta dama fura ta kawo masa da cokalin ƙarfe. Kowa da ludayi, shi da cokali.

"Malam ɗan boko," in ji wansa Labbo, yana kallon ƙafarsa. "Da takalmin ga ka biyo daji? Ba ka tausayin fatar mutane."

"Ya fi faso, Hamma."

"Faso ba ya tsinkewa a hanya."

Wule ta shiga garke. Wata farar saniya ta kai mata ƙaho, ta kauce, ta tsaya gefe. Baba ya tambayi lafiyar Kawu, ya tambayi ko ruwan tafki ya ja baya bana. Daga nan sai tasbihi. Da rana ta karkata Inna ta ɗaura masa man shanu a 'yar kwalba, ta ce ya kai wa matar Kawu, ya yi sauri kada mota ta ƙare. Ba wanda ya ce ya kwana. Ya dawo a bayan bas, igiyar Wule a naɗe a cinyarsa.

Unguwa ta huta. Matar Akanta ta aiko masa da tuwo. Kawu ya ba shi tsohuwar rediyo, ya ce zai yi wa wani magana a kan aikin masinja. Jibo ya gode. Da safe yakan ɗauki bokiti, sai ya kai ƙofa ya tuna. Turken yana nan gindin dogonyaro. Bai cire ba, ba a kuma ce ya cire ba.

Wata Juma'a, bayan la'asar, yana kwance da rediyo a ƙirji, ya ji yara suna kira.

"Mai saniya, ga saniyarka."

Ya fito ba takalmi. Ga ta nan tafe a tsakiyar hanya, ta rame, busasshen taɓo har gwiwa, da tsagar ƙaho a haƙarƙari.  Ya tsaya a ƙofar gida ya kira ta irin kiran da yake mata, ya miƙa hannu.

Ta wuce. Har sai da ya ji ɗumin jikinta a hannunsa. Ta ratsa tsakanin babura, ta ratsa filin ƙwallon yara, ta nufi kusurwar da tsohuwar hanyar shanu take gangarawa ruwa, inda yanzu aka kafa benci. Mata suka kwashi 'ya'yansu. Wule ta jingina ƙirji a waya ta tsaya, tana kallon tafki.

Can sai ga Labbo da sanda a wuya, ya biyo sawu.

"Ba yau ta fara ba," ya ce, yana share zufa. "Kullum a hanya muke tare ta. Ruwan rafinmu sai ta sansana ta juya. Dubi yadda ta koma."

"Ni ta biyo."

"Kai? Na hango ka a ƙofa da hannu a miƙe kamar mai tsaida mota." Labbo ya yi 'yar dariya, ya ga fuskar ƙanin, ya daina. "A nan aka haife ta, Jibo. Ruwan ga ta sani."

"Ka koma da ita. A ɗaure ta."

"An ɗaure. Ta daina cin ciyawa. In aka sake ta kuma, ta ja maruƙa su bi ta. Baba ya ce taka ce, ba ya son ta mutu a hannunsa."

Jibo ya je ya ɗebo ruwa ya ajiye bokitin a gabanta. Ta sha kaɗan, ta ɗaga kai, ta koma kallon wanda ke bayan waya.

Mutane sun taru, amma nesa-nesa. Shugaban unguwa ya zo yana gyara babbar riga, Kawu a bayansa, fuskarsa kamar wanda aka kama da laifi. Sule mahauci, mai kawo nama a kan keke, ya jingine kekensa ya zagayo yana duban cinyarta. 

"Malam Idris, mun yi magana," in ji shugaban unguwa, a hankali, ba faɗa. "Yara ne. In ta ture wayar nan fa?"

"Ba ta kwana, ranka ya daɗe. Jibo, ka ji dai."

Aka kira magariba. Rediyoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Uwaye suka kama hannun 'ya'yansu, lilo ya rage yana kaɗawa shi kaɗai. Labbo ya tsuguna ya ɗebi ruwan bokitin yana alwala, bai ɗago ba. Kawu ya juya ya bi sahun masu tafiya masallaci.

Jibo ya dafa farin goshin. Ba ta ture hannunsa ba, ba ta kuma dube shi ba.

"Kawu," ya ce wa bayan rigar da ke nisa. "To ina zan kai ta?"