Fankar da Auta Ya Aiko

Tun ranar da Auta ya aiko wa mahaifinsa fanka mai caji, unguwar ba ta sake hutawa ba. Direba, kamar yadda ake kiran tsohon duk da ciwon baya ya raba shi da babbar mota, kan fito da ita ƙofar gida ko da iska na kaɗawa, ya kunna, ya juya fuskarta saitin shagon Tela. Bara ɗan Tela ya saya wa ubansa firji, Tela kuwa bai bar kunnen kowa ya huta ba. Ramuwar gayya, an ce, ta fi gayya zafi.

"Sabuwa dal, daga babban shagon sari," haka Direba ke gaya wa duk wanda ya tsaya gaisuwa. "Yaron nan ba ya sayen kwantai."

Ba a je ko'ina ba fankar ta fara gurnani, wata safiya kuma ta yi shiru. Aka zazzage kwalin, babu rasit. Matarsa ta ce a kira Auta a tambaye shi, Direba ya ce ba za a dami yaro a wurin aiki ba, ai ga sunan shagon nan manne a jikin kwali. Tela ya ce shi ya ji a rediyo cewa mai saye yana da haƙƙi ko babu rasit, muddin akwai wata shaida. Ya rufe shagonsa ya ce zai yi rakiya. Direba ya san zumunci kaɗan ne a cikin rakiyar, sauran duk son ganin ƙwal uwar daka ne, amma ya yarda, don yana so a canza masa fanka a gaban Tela.

Shagon sarin, can cikin birnin da Auta ke aiki, dogon sito ne, kwalaye jibge har rufi, masu baro na shiga da fita, 'yan sari sun yi cincirindo a bakin kanta. Dilan da ke da shagon ya karɓe su da ladabi.

"Sannu da zuwa, Baba. Ina rasit ɗin?"

"Rasit ne ke ba da iska ko fanka?" in ji Direba, da murya irin ta wanda ya saba magana a kan ƙarar inji. "Ɗana ya saye ta a nan, sabuwa. Ku sayar wa mutane rubabben kaya, sannan ku fake da takarda? Mun san haƙƙinmu."

"A rediyo ma an faɗa," Tela ya ƙara.

Mutane suka juyo. Direba ya ji daɗin haka, har ya gyara tsayuwa.

"Gaskiyarku ne, Baba," in ji dilan. "Rasit ba shi ne komai ba. Duk abin da ya fita daga nan muna buga masa hatimi a ƙasa. In tamu ce kuma garanti bai ƙare ba, da sabuwa za ku koma."

Ya kifa fankar a kan kanta. Hatimin na nan. A gefensa kuma akwai ɗigon jan fenti, faɗinsa kamar maɓallin riga. Dilan ya rage murya.

"Baba, ko za mu ɗan koma ciki?"

"Faɗi a nan. Ba ni da abin ɓoyewa."

Dilan ya faɗa, a hankali, kamar mai isar da ta'aziyya. Duk kayan da aka dawo musu da shi don ya lalace, sukan ɗiga masa jan fenti su tara a bayan sito, masu gyara su zo su kwasa a yadda yake, babu rasit, babu garanti. Wannan fanka ta riga ta mutu sau ɗaya kafin ta bar shagon. Don kada a ce ya yi ƙarya, ya kwance murfin ƙasan ya nuna musu.

Wayoyi biyu ne aka haɗa, aka naɗe su da siririyar robar cikin taya, aka ƙulle, aka soke bakin robar ta ƙasa. Direba ya san wannan ɗaurin kamar yunwar cikinsa. Shi ya koya wa Auta shi a bakin titi, ranar da wayar fitilar motarsa ta tsinke.

Nan take ya tuna wayar da ya buga wa yaron bayan zuwan firjin Tela. Bai tambaye shi lafiyarsa ba, bai tambaye shi aikin da bai daɗe da samu ba. Cewa ya yi, "Ɗan Tela ya saya wa ubansa firji. Ni ɗa na haifa ko hoto?" Auta ya ce, "To, Baba." Ashe bayan sito ya je ya tsinci abin da ƙarfinsa ya kai, ya zauna ya gyara da hannunsa, ya nemo kwali mai kyau ya saka. Kunya ta lulluɓe Direba tun daga kai har ƙafa. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige ba tare da ya waiwaya ba.

"To, ashe yaron…" Tela ya fara.

"Ni na saya," Direba ya katse shi, idonsa a kan kanta. "Wurin masu gyara na saye ta, na sa a kwali na ce yaron ne ya aiko. Ba ruwansa. Ka yi haƙuri, ɗana, na ɗaga maka murya a banza."

Wani a cikin 'yan sari ya yi dariya. Dilan ya mayar da murfin ya ɗaure, ya ce ba komai, Baba. Shi kuwa Tela, wanda a idonsa direban motar tasha ya sauke saƙon Auta a ƙofar gida, bai tona masa asiri ba. Ya ɗauki fankar ya saɓa a kafaɗa, har gida yana maganar tsadar zare.

Da la'asar Direba na zaune a tsakar gida, gumi na bin wuyansa, fankar na jingine a lungu, sai wayarsa ta yi ƙara. Auta ne.

"Baba, Inna ta ce kun fita da fankar. Lafiya dai ko?"

Direba ya dubi matarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafa.

"Lafiya lau take," in ji shi. "Auta, kai fa? Ka ci abinci yau kuwa?"