Ranar da Malam Zagaye Bai Leƙa Ba

Su huɗu ne a gidan: uban, direban tirela, uwar, mai ɗinki a bakin ƙofar ɗaki, babban ɗansu da ke makarantar kwana, sai Auta, 'yar shekara tara. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne uban kansa. Kwana biyar yake yi a hanya, biyu a gida, rabinsu kuma barci. Auta ba ta taɓa ganin motarsa ba, a bakinsa kawai ta san ta.

A gareji Malam Zagaye ake ce masa, domin ba ya tayar da mota sai ya zagaye ta, ya ƙwanƙwasa kowace taya, ya goge kowane madubi. Shekara ashirin da biyu bai taɓa ko goga wa wani fenti ba, shi ya sa aka ba shi koyar da sababbin direbobi. In yana gida, yakan zauna a tabarma ya yi wa Auta darasi da kwalin ashana da kwalin sukari: ƙaramin shi ne kan mota, babban shi ne bodi.

"In kika yi baya kika shiga ƙarƙashin bodi, za ki ji ƙas. Kada ki yarda da kunnenki. Ki ɗan ja gaba, birkin bodi a kame, ki ji ko ya riƙe. Sannan ki sauko da tocila, ki durƙusa, ki leƙa ko makullin da ke jikin kan mota ya rufe a kan ƙusar da ke ƙarƙashin bodi. Sai bayan nan a ɗage ƙafafun bodi."

Auta ta haddace kamar karatun allo: ja, sauko, leƙa.

Da aka yi hutu, manajan gareji ya yarda uban ya zo da ita, ya zaga da ita fili sau ɗaya kafin ya kama hanya. Uwar ta goge mata riga tun da safe, ta ce, "Ban da surutu a gaban manya, kin ji ko?"

Motar ta fi yadda Auta ta zata girma. Taya ɗaya ta kusa kai mata kafaɗa. Sai da uban ya ɗaga ta sannan ta hau, ta zauna ƙafafunta na reto. Direbobi biyar ko shida suka taso daga benci suka kewaye su, har da wani abokin wasansa, Dogo.

"Zagaye, yau ma sai ka zagaya sau bakwai? Yarinyar nan sai ta yi jika kafin ka tayar!"

"Bar shi ya lissafa tayoyin, ko wata ta gudu cikin dare," in ji wani.

Uban ya yi dariya, amma Auta ta ga ya dube ta ta gefen ido. Ya sa giyar baya, ya shiga ƙarƙashin bodin da hannu ɗaya a kan sitiyari, cikin gwaninta, har aka yi masa tafi. Aka ji ƙas. Ya sauka ya jona tiyon iska da wayar wuta, ya murɗa ƙafafun bodi sama, ya dawo ya zauna. Tocilar tana nan a aljihun ƙofa, bai taɓa ta ba.

Auta ta tuna gargaɗin uwarta, ta haɗiye maganar. Maganar ta ƙi haɗiyuwa.

"Baba, ba ka ja ba. Kuma ba ka leƙa ba."

Gilashi a buɗe yake, kowa ya ji. Dogo ya riƙe ciki. "Kai jama'a! Ashe malamin ma yana da malama!"

Fuskar uban ta canja. "Auta, kunnen nan ya shekara ashirin da biyu yana jin ƙarar nan. Zauna daidai."

Ta sunkuyar da kai. Ta so a ce kujerar ta buɗe ta shige ciki.

Ya saki birki, ya ja. Ba su yi tsawon mota ɗaya ba, ya fara karya kwana, sai kan motar ya yi tsalle gaba kamar akuyar da ta tsinke igiya. Bayansu aka ji wata ƙara da ta girgiza gilasai. Bodin ya zame, ya faɗi da goshinsa a kan siminti, ƙafafunsa suka lanƙwashe, tiyon iska ya tsinke yana huci. Tsohon bakaniken gareji, wanda ya bar gefen nan da galan ɗin mai a hannu bai fi taku uku ba, ya tsaya yana kallon inda ƙafarsa take ɗazu.

Babu wanda ya sake dariya.

Manajan ya fito da gudu. Da ya tabbatar babu wanda ya ji ciwo, ya ce, "Me ya faru?"

Dogo ya riga kowa. "Ranka ya daɗe, makullin nan ne. Jiya aka kwance shi aka yi masa gyara. Mu duka mun ji ya ce ƙas." Sauran suka gyaɗa kai, ba wanda ya dubi bakaniken. Tsohon ya hau goge hannunsa da tsumma, alhali hannun a goge yake. Kowa ya san in aka rubuta cewa laifin makulli ne, gobe bakaniken da ya gyara shi ba shi da aiki.

Auta tana tsaye a jikin taya. Ba ta iya duban ubanta ba, takalminsa take kallo. Takalmin ya daɗe bai motsa ba.

"Makulli lafiyarsa ƙalau," in ji uban, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kan motar ya yi ƙasa da yawa, ƙusar ta hau ta bisa, ba ta shiga ba. Da na ja, da na ji. Da na leƙa, da na gani. Ban yi ko ɗaya ba. Yarinyar nan ta faɗa mini, na ce ta yi shiru."

Manajan ya cire tabarau ya goge. Ya ce mako biyu ba tuƙi, koyarwa kuma an karɓe, kuma ranar Litinin zai zauna a benci ɗaya da yaran da yake koya wa, a sake yi masa darasin haɗa mota. Uban ya ce to. Ya je wurin bakaniken ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya faɗi wata magana da Auta ba ta ji ba.

A ƙafa suka fito, suka wuce shagon faci da wurin wankin mota. Jakar tafiyarsa tana rataye a kafaɗa, da abincin kwana biyar da uwar ta ɗaure masa. Sai da suka kai bakin titi Auta ta fashe da kuka.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni na sa suka yi maka dariya."

Ya ajiye jakar, ya durƙusa a gabanta, irin durƙuson da ya kamata ya yi da tocila ɗazu.

"A'a, uwata. Tsoron dariyar ne ya hana ni saukowa. So na yi ki ga ubanki gwani ne." Ya share mata ido da babban yatsa. "Da a kan babbar hanya ya zame, da motar mutane a baya fa? Gobe ma in kin ga na tsallake, ki faɗa. Ki faɗa da ƙarfi."

Da yamma ya ɗauko kwalin ashana da kwalin sukari, ya tura su gabanta ya ce yau ita za ta koyar. Uwar tana ɗinki, ba ta ɗago ba, amma keken ya tsaya.

A ranar Auta ta gane cewa ba don rashin iya tuƙi ubanta yake saukowa ya leƙa ba. Wanda ya iya ma yana kuskure, kuma leƙawar ce ke kama kuskuren kafin ya kai ga wani.