Randar da Ta Ƙi Magana

Daren jiya wani mafarki ya yi gaba da ni, kuma na san abin da ya jawo shi. Yau ne gayyar gonarmu, ni kuwa hannuna a ɗaure yake tun da na zame a bakin rijiya. Dole 'yata Tarana ta dafa burkutun masu noma, karonta na farko ke nan. Har muka kwanta randa shiru, ko ɗigon kumfa babu. A nan ƙauyenmu na Maguzawa, in giya ba ta tashi ba, maza ba sa kai rana tsaka a gonar mutum. Da wannan fargaba na kwanta.

Sai ga ni a wani ofis. Wani bunsuru na zaune bayan tebur da tabarau, yana taunar hularsa a hankali. Ta taga ina hango ruwan sama yana fitowa daga ƙasa yana hawa, mata sun kife robobi suna tara. Ban yi mamaki ba, damina ce.

Bunsurun ya ce na makara. Wai randar gidana ta kawo ƙara, ta rantse ba za ta yi magana ba sai an ɗanɗana ta an yanke hukunci, kuma ni aka naɗa alƙaliya tunda duk yankin babu mai tsinin harshe kamata. Na ce wannan kam gaskiya ne.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga mu a tsakiyar gonarmu. Randar na kan kujera da ɗankwalina a wuyanta. A gefe fartanyoyi da garemani sun jeru kan benci, ba mazan da ke riƙe su, suna jira su ji ko za su yi aiki ko za su koma gida.

Na ɗebo da ƙwarya na ɗaga wa rana. Launin dai babu laifi, ja-ja kamar zuman da ya kwana biyu. Na shinshina, ƙamshin tsiron dawa ya bugo ni, da ɗan ƙauri irin na ƙanzo. Na kurɓa. Lami! Zaƙi kawai, ba tsami, ba cizo, kai ka ce kunun masu jego. Ni ba na iya ɓoye abin da harshena ya ji, sai na faɗa. Fartanyoyin suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna kaɗe ƙura, suka kama hanya. Ciyawa kuwa ta riga ta fara dariya.

Can sai na ga Innata, wadda ta rasu tun Tarana na goye, zaune a kan reshen ɗorawa tana tsince dawa. Ba ta ko gaishe ni ba.

"Ke, wa ya dafa?"

"Tarana ce, Inna."

"To wa ya fara sha?"

Ni ce kuwa na fara sha. Ko yaron goye ya san mai giya ce ke fara kurɓa a gaban mutane kafin ta miƙa wa kowa. Ni da na saba randar gidan nan tawa ce, hannuna ya tafi da kansa. Bunsurun ya cire tabarau ya ce ai shi tun ɗazu ya gani, amma aikinsa tauna ne kawai.

Aka ce a kira Tarana, sai ta fito daga cikin kunyar gona tana gyara zane. Ta karɓi ƙwaryar, ta zuba wa ƙasa kaɗan, ta kurɓa, sannan ta durƙusa ta miƙo mini. Na sake sha. Wai! Zaƙin tsiro ya fara zuwa, tsami ya biyo shi a tsanake, can ƙarshe ɗan ɗaci ya zauna a maƙogwaro ya ƙi tashi. Har ƙirjina na ji ɗumi. Ta fi tawa kauri, kuma na ji haushi kaɗan, na kuma ji daɗi ƙwarai.

Na ce, "Ta yi."

Fartanyoyin suka juyo da gudu. Randar ta gyara ɗankwali, ta buɗe baki za ta yi jawabi, amma abin da ya fito sai sssss, sssss.

Na buɗe ido. Gari ya fara wayewa, kuma ƙarar ba ta daina ba, daga ɗakin girki take fitowa. Na ruga ba ko takalmi. Kumfa ta ɗaga faifan da aka rufe randar da shi, tana gangarowa ta gefe. Ga ƙwarya nan a kife kusa, har lafiyayyen hannuna ya kai kanta. Sai na janye shi na ɓoye a bayana.

"Tarana! Taso, giyarki na kiranki. Yi sauri ki sha, ni ma ƙishi nake ji."