Tsakuwa a Bayan Kunnen Auta

Wajen tsifar kai Maman Auta ta gano shi: ƙullutu a bayan kunnen yarinyar, bai fi ƙwayar wake ba, amma tauri kamar tsakuwa. Ta danna, Auta ba ta ce wash ba. Wannan ya fi komai tsinka mata zuciya, don na marigayi mijinta ma bai taɓa ciwo ba sai da ya gama aikinsa.

Yayarta ta ce kaluluwa ce. Maƙwabciya, wadda ta yi digirinta a bakin famfo, ta ce a shafa man zafi. A asibiti kuwa aka yanke shi, aka tura gwaji, aka ce su dawo. Kafin ranar, ta zauna a keken ɗinkinta ta haɗa wa rigar mutane hannu a wuya.

Ranar sakamako likita ya karanta takarda, ya gyara tabarau, ya sake karantawa. Sai ya miƙe.

"Ina zuwa."

Ya dawo da wasu likitocin, har da wani tsoho mai furfura. Jinyar mijinta ta koya mata karatu guda: likita ɗaya ciwo ne, in suka taru kuwa a fara neman likkafani. Suka kewaye Auta suna ƙus-ƙus, ɗaya yana ɗaukar hoton tabon. Ta damƙe hannun yarinyar.

"Mama, za ki karya ni!"

"Likita," Maman Auta ta ce, "kada ka ɓoye mini. Na taɓa ganin irin taron nan. Shekararta bakwai fa."

Tsohon ya ɗago. "Subhanallahi! Ba a gaya miki ba? 'Yata, ba ciwon daji ba ne. Tushen gashi ne ya ƙulle ya taurare. Ba ya yaɗuwa, kuma an cire shi duka."

"To me ya tara ku?"

Likitan farko ya sosa ƙeya. "Ba kasafai ake samunsa ba. Yawancinmu a littafi kawai muka san shi."

Ashe kallo suka zo.

Maman Auta ta kifa fuska a kan yarinyar, daidai inda ta gano ƙullutun wajen tsifa.

"Likita, don Allah," ta ce daga cikin gashin, "gobe in ka ga abin sha'awa, ka fara gaya wa uwar."