Kabewar da Ta Tsallako Katanga

Almakashin a buɗe yake a hannuna, har na ɗora bakinsa a kan yaɗon kabewar, sai na ji tari daga bayan katanga.

"Tela, ki ji tsoron Allah."

"Baba, tsoron Allahn ne ya sa na kawo yau ban yanke ba. Dubi igiyar shanyata. Jiya sai da na yi kokawa da kabewarka kafin ta sakar min hannun rigar mutane."

Ya taka bulon da ya ajiye a gindin katangar don irin wannan rigima tamu, kansa ya leƙo. Tsoho ne siriri mai faɗin goshi, tsohon direban bas. Yaran layinmu suna ce masa Baba Mai Zuma, alhali ko cokali ɗaya na zuma ba a taɓa gani ya fito daga gidansa ba.

"Ba tawa ba ce," ya ce. "Ta mamansu ce."

Sai na rufe almakashin. Na san matarsa, ita ta fara kawo min ɗinki lokacin da na tare a gidan nan ban san kowa ba. Irin kabewar nan da shi ta zo gidan aure, doguwa mai wuya kamar gora, cikinta ja. Duk shekara tana ware wadda ta fi kyau ta shanya 'ya'yanta. Bayan rasuwarta danshi ya shiga kwalbar irin, ya lalata. 'Yan ƙwayoyin da suka rage Baba ya shuka duka a bana, ɗaya tak ta fito. Ita ce ta cika masa tsakar gida, ta hau katanga, ta sauko wajena tana neman fitina.

"Sauke yaɗon daga igiyar, ki kwantar a ƙasa," ya ce. "Kin ga gaɓar nan mai ɗan kumburi? Tura mata ƙasa. In ya yi saiwa a nan zai daina hawa miki kaya."

Na tura ƙasar da gefen takalmi ina mita. Ya ce Allah ya yi min albarka, na ce albarkar ta haɗa da sabuwar igiya.

Duk layinmu mun shafe tsakar gidajenmu da siminti, ni ma ɗan zirin gindin katanga kawai na bari. Baba ne ya ƙi. Gidansa in ka shiga sai ka karkata kafaɗa. Ga tumatir a cikin tsofaffin tayoyin bas, ga alayyafo da kuɓewa, ga gwaiba da gwanda da lemun tsami. Tsakaninsu kuma furanni barkatai waɗanda ba a ci, ba a sayarwa. Na taɓa tambayarsa amfaninsu, ya ce na baƙi ne. Baƙin su ne ƙudan zuma. Ya ƙera musu akwatin katako ya ɗora a kan gwaiba, ya ajiye musu faranti cike da tsakuwa da ruwa, wai don su samu wurin tsayawa in za su sha, kada su nutse. Kullum sai ya canza ruwan, amma babu baƙon da ya zo. Tun shekarun da motar feshi ta riƙa zagaya unguwa suka ɓace. Sauro dai sun dawo da ƙannensu, su kuwa shiru.

Saboda haka shi yake yi musu aikinsu. Da sassafe zan hango shi a duƙe da gashin kaza a hannu, yana shafo garin furen nan yana kai wa wancan.

"Ni ne ƙudan zuman unguwar nan," yakan ce. "Sai dai ba fiffike, gwiwa kuma ta ƙi."

Wata safiya ya kira ni da murya kamar an yi masa haihuwa, wai ya ga ɗaya a kan furen lemu. Na ce Baba ƙudan bola ne, ka sa tabarau. Ya yi fushi da ni har yamma.

A gindin gwaibar nan ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana kwance a asibiti kabewar ta yi ta fure babu mai kula ta. 'Ya'yan suka riƙa fitowa kamar ƙwan tsuntsu, su yi rawaya, su zube. Ni ban san me nake gani ba, na ɗauka haka take yi.

Da aka sallamo shi, babban ɗansa, wanda yake bakanike ne, ya rufe garejinsa ya dawo gidan yana jinya. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ke yi wa uban wanka, shi ke ba shi abinci a baki, shi ya ja gadon zuwa bakin taga don ya riƙa ganin shukokinsa. Abu ɗaya ne da shi, ko sunan mahaifiyarsa aka ambata sai ya tashi ya bar ɗakin. Shi ya sa Baba bai taɓa yi masa zancen kabewar ba. Ni kuma na ɗauka ɗan gida ai ya sani.

Ranar da na shiga gaishe shi, da hannun hagu ya nuna min gashin kazar a kan taga. Maganarsa ta yi nauyi, sai na matso da kunne.

"Tsinko min fure biyu."

Na tsinko. Ya ce duka maza ne, na ce to ni ina na san kabewa ma tana da maza da mata. Ya yi dariya da rabin baki.

"Namiji a kan siririn tsinke yake. Mace tana da ɗan ƙulli a gindi, shi ne ɗan. Safiya ɗaya take buɗewa, Tela. Kafin rana ta ɗaga ta rufe. In ba a kai mata garin ba, shi ke nan."

"To ai ga furanni nan rututu."

"Maza ne. Na duba daga nan. Matan sun wuce ina asibiti." Ya kalli ganyayen da suka fara fari-fari. "Ta tsufa. In ba a samu ko ɗaya ba bana, irin ya ƙare a hannuna. Me zan ce mata?"

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Ido ɗaya ne yake zubarwa. Na koma gida, na duƙa gindin katanga ina ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, ni da ko tukunyar fure ban taɓa ajiyewa ba. Can kusa da ƙarshen yaɗon, gaba kaɗan da inda na tura ƙasa, na ga wani ɗan toho kore da ƙulli a gindinsa.

Ban tsaya zagayawa ta ƙofa ba. Na kifa bokiti na hau, na leƙa ta saman katanga na ƙwala masa kira.

"Baba! Akwai mace! A wajena take!"

Daga nan aikina ya zama kai rahoto. Mazan duk suna gidansa, macen tana gidana, shi kuma ba ya iya tashi ya gan ta. Kullum kafin in hau keken ɗinki sai na hau bokiti. Na ce ta kai kan ɗan yatsa. Na ce ta kai babban yatsa. Masu kawo ɗinki suka fara tambaya ko lafiya nake magana da katanga. Ya fara cin abinci da ɗan dama, har ɗan nasa ya ce min ko me nake gaya masa in ci gaba.

Ranar da na ce bakinta ya fara rawaya, ya sa aka kira ni ciki. Ya damƙa min gashin kazar, ya riƙe hannuna da shi.

"Gobe ke nan. Ki zo da wuri ki ɗebi garin. Kada ki tsaya shan shayi."

"Baba, ni da shayina kuma?"

"In ta kama, ki bar ta ta nuna sosai. Kada ki yi gaggawa, na san halinki."

Bai kai goben ba. Rana tsaka ina kan keke na ji kukan ɗan nasa, irin kukan babban mutum da ba ya fita daidai. Na bar allura a cikin rigar na fita ba takalmi. Baba yana kwance fuskarsa wajen taga, kamar mai jiran a gaya masa wani abu.

Kafin in gama share hawaye aka roƙe ni in je tasha in taro ƙanwar Baba, tsohuwa ce kuma ba ta san gari ba. Motarta ta yi latti. Na zauna a kan benci ina kuka, mai sayar da ruwa tana ba ni haƙuri ba ta san ko na mene ne ba. Sai da rana ta yi sanyi muka iso.

Tun daga ƙofa na ga gidan ya yi haske, hasken da bai taɓa yi ba. An jingine tayoyin tumatir a bango. An kafa rumfa. Ƙasar a share take tas, sawun tsintsiya a kanta. Gwaiba da gwanda da lemu suna nan, amma duk abin da ke yaɗo a ƙasa babu shi. Ɗan yana tsaye da adda a hannu, rigarsa jiƙe da gumi.

"Ina kabewar?"

"Mun kwashe, Anti. Tana lungun baya. Gobe mutane za su cika gidan nan, ina za mu zaunar da su?"

"Ta mamanka ce," na ce. Ban yi niyyar faɗa da ƙarfi haka ba. "Irinta ne. Ita kaɗai ta rage."

Ya dube ni, ya dubi addar.  Sai ya zauna a ƙasa inda gindin kabewar yake a da, ya dafe kai.

"Bai gaya min ba. Wallahi Anti bai gaya min ba."

"Na sani."

"Da hannuna na sare ta."

Na so in ba shi haƙuri, na rasa ta inda zan fara, don ni ma a lokacin haushinsa nake ji, ina kuma jin tausayinsa kamar in mutu. Mutum ya rasa uba da rana, kafin magariba na sa ya sake rasa uwa.

A gidana guntun yaɗon yana rataye a kan katanga, bakin saran yana ɗigar ruwa. Ganyayen sun yi laushi sun sunkuya. Na ja gaɓar nan a hankali, na ji ta riƙe ƙasa. Ta yi saiwa, kamar yadda ya ce. Na zuba mata ruwa, na ƙara mata ƙasa, wannan karon da hannu. Sai dai ko macen ta rayu, ko ta buɗe, mazan duk an kwashe su.

Gari na wayewa na fito, ban kunna wuta ba. Ta buɗe. Ba ta kai girman waɗanda na saba gani a wajensa ba, gefe ɗaya ma a ɗan naɗe yake, amma ta buɗe, rawaya shar a gindin katangata. Na tsaya a kanta da gashin kaza ban da abin da zan shafa mata. Bokitin yana nan a kife, babu wanda zan kai wa rahoto.

Na zagaya lungun baya ba don ina sa rai ba, don dai kada in tsaya kallonta har ta rufe. Tulin yana nan inda suka zubar, ganye da yaɗo da tsinken tumatir, har da farantin tsakuwar a kife a gefe. Tun kafin in ƙarasa na ji wani sauti siriri, kamar keken ɗinki a gida mai nisa.

Tohon da suka shirya buɗewa yau ba su san an sare su ba. Sun buɗe a kan tulin, nan ɗaya can ɗaya. Kuma a cikinsu ga baƙin Baba, suna shiga suna fita, ƙafafunsu butu-butu da gari. Ba ƙudan bola ba ne. Na toshe bakina da gefen mayafi na yi kuka mai isata, ina cewa Baba ka yi gaskiya, Baba tashi ka gani.

Na zaɓi namiji mai siririn tsinke na tsinke a hankali. Akwai baƙuwa ɗaya a ciki, ta dulmuya kai tana aikinta, ba ta ko kula ni ba. Haka na taho da furen a tafin hannu, ina tafiya kamar mai ɗauke da kofi cike da ruwa, na bi lungu, na shiga ƙofata, na durƙusa a gindin katanga na ajiye shi dab da macen.

Daga can gidan an fara sauke kujeru. Sai na ji an taka bulo. Kai ya leƙo ta saman katanga, daidai wurin, mai faɗin goshi, idanunsa a kumbure.

"Anti, ta buɗe?"

"Ta buɗe. Yi shiru."

Baƙuwar ta fito da baya daga cikin namijin, ta tsaya a bakin furen tana goge fuska. Ta ɗan tashi, ta yi shawagi a kan igiyar shanyata, ta dawo. Sannan ta sauka a kan macen ta shige ciki, furen ya ɗan rusuna da nauyinta. Muna nan shiru, shi a sama ni a ƙasa, gashin kazar yana hannuna.