Feda Biyu a Ɗakin Mai Jita

Ranar da maƙwabcinmu Mai Jita ya shigo gidan hayarmu da kwalaye biyu a hammata, na ce wa matata, "Wannan kaya ba alheri ya kawo mana ba, za ki ce na faɗa miki."

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da namu, inda nake ɗinki. 'Yata Auta tana da farfaɗiya, kuma likita ya ce ƙara ta ba-zata tana iya tayar mata da ciwon. Shi kuwa jitarsa ta lantarki ce. Da can kiɗansa a daidaice yake tafiya, har mun saba. Amma a watannin nan sai ya yi ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, can sai tsirkiya ɗaya ta daki bango kamar an yar da tukunya. Ba sau ɗaya ba Auta ta zube a gaban kekena. Na je na samu mai gida na ce ko ni ko shi, ya yi mini alkawarin zai ba shi notis.

Sai ga Mai Jita a bakin ƙofata.

"Tela, ara mini kunnenka."

"Kunnena ba na haya ba ne."

Ya tsuguna ya buɗe kwalayen. Wasu 'yan ƙarafa ne kamar sabulun wanki, ɗaya ja, ɗaya baƙa.

"Feda ce, da ƙafa ake taka ta. Kwamfuresa ake ce mata."

"Ta firij?"

"Ta jita. In sauti ya yi tsalle ta danne masa kai, in ya nutse ta ɗago shi. Mai shago ya ba ni aro in zaɓi ɗaya. Jar ba ta barin komai ya wuce, amma tana shaƙe kiɗa ya zama lami. Baƙar tana barin kiɗa ya yi numfashi, sai dai wani lokaci bugun farko yana kuɓuce mata. Ni daga ciki ba na jin abin da ke ratsa bango. Gobe zan kaɗa da kowacce. Ka buga bango sau ɗaya in ja ce, sau biyu in baƙa ce."

"Akwai ta uku," na ce. "Ka zare wayar daga soket."

"In aka ce ka ajiye almakashi, me za ka ci?"

"Almakashina bai taɓa kayar da 'yar kowa ba."

Ya tattara kayansa. Na lura hannunsa na dama yana rawa, ya yi sauri ya cusa shi a aljihu. Na ce wa matata, "Kin gani? Giya ce."

"Ka taɓa ganinsa da ita?"

"Sai na gani?"

Washegari da hantsi na tura Auta da uwarta gidan ƙanwata, na zauna. Ya fara da ja. Kiɗan ya zo a shimfiɗe kamar ɗinkin keke, babu tsalle ko ɗaya, babu kuma daɗi. Ya canza zuwa baƙa. Ba zan ɓoye ba, sai da ƙafata ta motsa. Ana cikin haka tsirkiya ɗaya ta yi tsalle, cokali ya yi ƙara a cikin kofi.

"Tela!" ya kira ta bango. "Ban ji bugu ba!"

Amsar a fili take. Amma in na buga, na yarda ya zauna ke nan, ni kuwa tashinsa nake so. Na taka kekena da ƙarfi.

"Tela, kurma ka zama?"

"Uwar kurame ma!"

Ya ci gaba, ja, baƙa, ja, baƙa, har rana ta take. Daga nan kiɗa ya tsaya, sai wani gurnani da lasifikarsa ta ɗauka, ba ya hawa ba ya sauka. Na ce da gangan yake yi. Na yi ihu ya kashe, shiru. Su Auta sun kusa dawowa. Na tashi da almakashi a hannu, niyyata in datse wayar kowa ya huta, na banka ƙofarsa.

Yana zaune a kujera, kansa ya faɗa kan kafaɗa, jitar a cinyarsa. Na kira shi, na girgiza shi. Fedojin suna ajiye a gaban ƙafafunsa, bakin wayar jitar yana ƙasa a tsakaninsu, ba a jone da ko ɗaya ba. Ni na kashe soket ɗin.

Bayan an kai shi makwancinsa, ƙanensa ya zo kwashe kaya, mai shago kuma ya zo karɓar nasa.

"Kai ne telan da ke son a kore shi?" in ji ƙanen. "To, an kore maka shi. Hawan jini ya daɗe da cinye masa hannu, yatsun sun daina jin maganarsa. Ka taɓa tambaya?"

"Shi ya taɓa ɗaukar 'yata daga ƙasa?"

Mai shago ya shiga tsakaninmu. "Don Allah ku bari. Ni dai, wacce ya zaɓa? Ya ce maƙwabcinsa ne zai yanke."

Ya goge fedojin da gefen rigarsa, ya mayar da kowacce kwalinta, ya fita.

Auta ba ta sake faɗuwa ba. Da rana tana barci a jikin bangon nan, bakinta a buɗe, hannunta ɗaya a kan siminti. Ban san wacce feda yake shirin jonawa ba lokacin da wayar ta faɗi. Ban kuma sani ba ko don Auta ya nemo su, ko don hannunsa.