Takabar Dela Ta Ƙi Ƙarewa

Dela ta ɗora ƙullin kayanta a kai ke nan sai Malam Haladu, yayan marigayi mijinta, ya yi gyaran murya daga zaure.

"Sauke kayan nan, Dela. Ba inda za ki."

Jiya ta cika wata huɗu da kwana goma, ta yi wankan fita takaba. Tun kasuwar da ta wuce kuwa saƙo ya iso Gwiwa cewa 'yarta Fatu ta haifi tagwaye a Roni, ba mai dafa mata ruwan jego. Yau ma kasuwa ce, mutanen Roni za su juya da jakunansu bayan la'asar, su za ta bi.

"Yaya, lafiya?"

"Matan gida sun ce tun rasuwar ƙanena ba ki yi fashin salla ba ko sau ɗaya. In ciki ne, takabarki sai kin haihu. In ma kwanciya ya yi, jininmu ne, ba zai bar gidan nan ba."

Dela ta san wata mata a Babura da aka ce cikinta ya kwanta, shekara huɗu tana zaune ana jiran ya tashi. Nan take zafin nan da ya addabe ta watannin nan ya taso mata daga ƙirji, ya haye wuya, ya jiƙa ɗankwali sharkaf. Shi ne abin da matan gida ke gani suna ƙifta ido, ga faɗa da ta koya, har akuya ba ta bari ba. Ita kanta tsoron take ji, ta dai rasa wanda za ta faɗa wa.

Aka tambayi liman, ya ce sha'anin mata ne, a nemo mai sani. Aka aika kasuwa aka taso Inno ungozoma daga gaban ƙwaryar nononta. Ta shigo tana mita an raba ta da ciniki, ta sakaya asabari, ta shafa man shanu a hannu, ta bi cikin Dela tana dannawa.

"Kafin jinin ya ɗauke, yana miki wasan ɓuya?"

"Shekara guda, Inno. Ya zo, ya yi fashi."

"Zafi na taso miki kamar an buɗe tukunya?"

Dela ta yi wuf ta tashi zaune. "Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Shekara uku na yi ina yawo da mafici har cikin sanyi." Inno ta buga mata cinya. "Ba komai a cikin nan sai tuwon jiya. Haihuwa ce ta sallame ki, 'yar nan, kin shigo sahunmu."

'Ya'ya tara Dela ta haifa, shida suna ƙasa. Hawaye ya zubo, sai kuma dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tana riƙe ciki. Rabon da ta ji jikinta sakayau haka har ta manta.

Inno ta fita zaure. "Malam Haladu, rabin garin nan ni na yanke musu cibiya. Babu ciki, na zaune ko na kwance. Ka je ka faɗa wa liman in ji ni."

Haladu ya sosa ƙeya. "To, Allah ya sa haka ne alheri. Ki gaida Fatu."

Dela ta koma ɗaki, ta durƙusa ta jawo tsohon majanyinta na saƙi daga ƙarƙashin gado, inda ta cusa shi watannin nan don ko ganinsa ba ta son yi. Ta kakkaɓe, ta ninke, ta sa a ƙulli. A bakin zaure ta tsaya.

"Yaya, tambayar mini matarka ko tana da wani majanyin. Su biyu ne."